Bango Mai Bin Rana

Jikana Nasiru ya ce zai buɗe shagon ɗaukar hoto a zauren gidanmu nan Rano, kuma abu ɗaya ne ya tare masa wuri: tsohon bangon nan mai ganye uku da ke jingine a kan duwatsu a kusurwar zauren, lulluɓe da tabarmi. Da hantsi ya zo da abokansa biyu da guduma. Na fito na tarar sun yaye tabarmin suna dariya.

"Tsoho, yau kwalin nan naka zai sha guduma," in ji shi. "Na sayo labule a Kano, mai bene da furanni. Ƙusa biyu kawai, na gama."

Na ce, "Kai da ko akurkin kaji ba ka taɓa ginawa ba, kai ne mai rushe bango?"

"Wane bango? Ƙasa ce aka shafa a kan kara. Ko ni sai in yi shi kafin azahar."

Na ce su ajiye gudumar su zauna. In sun gama ji suka ga har yanzu ƙasa ce a kan kara, ni da kaina zan fara dukansa. Suka zauna. Abin da na gaya musu ran nan shi nake rubutawa, don na san ba su kaɗai ne samarin da suke ganin aikin nan wasa ne ba.

Aikin farko da aka ba ni a duniya shi ne taka ƙasa. Gidanmu gidan magina ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa Baffa Ɗanjuma ya riƙe ni, shi ya koya mini sana'a. A wurinsa ba a hawa bango da wuri. Sai ka daɗe kana tattaka jar ƙasa da ciyawa, har ƙafarka ta san lokacin da ta nuna ba sai an gaya maka ba. Daga nan ka koma cura tubali. Daga nan ka koma jefa tubalin sama ga maginin da ke zaune a kan bango. In ka jefa ya juya a iska, ya sako maka shi a ka. Sai da gemu ya fara fito mini sannan Baffa ya ba ni tsohon cokali da 'yar wuƙa, ya nuna mini yadda ake fitar da zayyana a fuskar zaure tun yaɓe yana ɗanye. Cokalin yana nan har yau, gefensa ɗaya ya cinye. Baffa yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita: bango shi ne abin da ya ɗauki azara. Duk abin da bai ɗauki rufi ba, a wurinsa danga ce.

Ina sabon aure, a zamanin Turawa, lokacin da gyaɗa ta fara tashe kuma motoci suka fara shigowa Rano daga Kano suna kwasar buhuna, wata ranar kasuwa mota ta sauke wani Bayarabe Musulmi mutumin Ilori, sunansa Lasisi. Kayansa akwati ne mai ido ɗaya, da ƙafa uku na katako, da baƙin mayafin da yake cusa kansa a ciki, da gilasai da yake lallaɓawa kamar ƙwai. A kan gilashin nan hoto yake kamawa, sannan ya wanke ya fitar a takarda. Kai! Ran nan kasuwa ta tashi ta koma kansa. Mahauta suka bar tukuba, mai awon hatsi ya bar mudu a cikin buhu. Ni ma aiken Baffa ne ya fito da ni, ban koma ba sai da yamma.

Yana kuma da labule babba na tamfol, an zana masa matakalar bene da tukunyar furanni da kogi, da jirgin ruwa yana hayaƙi. Da na zo nan na dubi Nasiru na ce, "Ka ji? Labulen naka ya girmi ubanka."

Wani dattijo manomi daga Rurum shi ya fara nuna mana ciwon labulen. Ɗansa yana haƙar kuza a Jos, yana so ya aika masa hoto ya ga yana nan da ransa. Ya sa babbar rigarsa, ya zauna, ya daskare kamar yadda aka ce masa. Da hoton ya fito, ya juya shi ya sake juyawa.

"Mai hoto, wannan ruwan na bayana fa?"

"Ado ne, Baba."

"Ado? In yaron nan ya ga wannan ai cewa zai yi ruwa ya ci Rurum na hau jirgi. Ko ya ce na koma gidan Nasara aikin boyi. Ni a ƙofar gida nake so ya gan ni."

Ya ajiye hoton ya tafi abinsa. Ban da wannan ma, labulen ba ya tsayawa. A lokacin sai mutum ya riƙe numfashi kafin akwati ya gama kallonsa. Mutum ya riƙe, iska ba ta riƙe ba, sai jirgin ya fito kamar an shafe shi da gwiwar hannu.

Lasisi ya gwada bangon gaske. Ya kafa akwatinsa a ƙofar wani zaure da muka gama yi wa zayyana, da safe hoto ya yi kyau ƙwarai. Kafin rana ta take tsaka haske ya sauya, fuska ta yi baƙi. Ga maigidan ba ya son taro a ƙofarsa, ga kasuwar Kibiya da ta Rurum da Lasisi yake son ci, bango kuwa ba ya bin mutum. A nan ya same ni ina wanke hannu.

"Magini, bangonku yana da kyau, amma ba ya jin magana. Ina son bangon da zai bi rana. In ta juya mu juya shi. In na tafi Kibiya ya bi ni."

Na yi dariya. Da na koma gida dariyar ta ƙare. Tuwo ya huce a gabana ina ta zana abin a ƙasa da tsinke.

Bangon farko na yi shi kamar magini, shi ya sa ya mutu. Na sassaƙe gwangwala da gizago na ɗaure masa ƙashi, na shimfiɗa asabari a kai na ɗinke da basilla da igiyar rama, sannan na lafta masa ƙasa mai kauri yadda aka koya mini. Ya bushe lafiya. Muka taru muka ɗaga shi. Ya yi ƙara, ya tsage daga sama har ƙasa, ya zube a ƙafafunmu. Baffa yana tsaye yana kallo. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Audu, in ka gama ginin faifai, akwai aikin mutane yana jira."

Maganin nauyin a karofi na same shi. Rano a lokacin garin marina ne, kuma duk wanda ya leƙa ramin rini ya san ba ƙasa ce take riƙe ruwan nan ba, laso ne. Katsi ake samowa, wato abin da yake kwantawa a gindin ramin, a ƙona a daka. A karɓo gashin awaki a wurin majema. A jiƙa saiwar dafara har ruwan ya yi yauƙi. A kwaɓa su tare. Abin da ya fito, ko kaurin ɗan yatsa ka shafa yana kamawa kamar ƙashi, gashin kuma ba ya barinsa ya tsage. Mu magina da shi muke rufe saman soro, amma ban taɓa jin wanda ya shafa shi a kan asabari ba. Na shafa siriri, na bari ya sha iska a inuwa, na ƙara wani siririn. A rana ba a shanya shi, sai ya yi fushi ya banƙare. Na raba bangon gida uku, kowane ganye faɗinsa kamar ƙyauren zaure, tsawonsa ya wuce mutum da rawaninsa. Na haɗa su da madaukan kiri, wato igiyar fata, yadda za a naɗe a buɗe, na yi musu matokara a baya da ake dannewa da dutse. Na tsakiya na fitar masa da siffar ƙofa da zayyana kewaye, na gefe biyun na ɗora musu 'yan zankwaye. Mutum biyu suka ɗaga ganye guda ba ko nishi. Wallahi ran nan sai da na yi tsalle a tsakar gida.

Saura launi, a nan ma na sake yin abin magina. Mu a wurinmu bango mai daraja shi ne ja mai duhu, wanda ya sha makuba, ruwan kwasfar ɗorawa, aka goge shi da dutse har yana ɗaukar ido. Haka na yi masa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Wani maɗinki ne ya fara zama, da baƙin rawaninsa sabo daga marina. Lasisi ya shiga mayafi, ya fito, ya wanke. Ya dubi hoton. Ya miƙo mini. Babu bango, babu zayyana, babu rawani, babu mutum. Farar riga ce zaune ita kaɗai a cikin duhu, da idanu biyu a sama.

Maɗinkin ya leƙo ya ja da baya. "A'uzu billahi! Wannan ai aljani ka ɗauko."

Lasisi ya ce, "Magini, akwatin nan bai san ja ba. Ja a wurinsa baƙi ne. Haske da inuwa kawai ya sani."

Na koma na shafe shi da farar ƙasa tas. Aka sake gwadawa. Wannan karon bangon ya haske kamar kwano a rana, ya cinye zayyanar, fuskar mutum ta koma gawayi. Gilasan Lasisi kuwa suna ƙarewa, daga Ikko ake kawo su. Ya gaya mini gaskiya: in kasuwa mai zuwa ba a dace ba, zai naɗe tamfol ɗinsa ya nufi Zariya. Baffa ma ya daina kirana aiki. Na shigar da ganyayen cikin gida na jingine su, na zauna ina kallonsu.

Kakar Nasiru, Iya, Allah ya jiƙanta, a lokacin amarya ce, Zainabu. Ba ta fita. Ba ta taɓa ganin Lasisi ba, akwatin ma labarinsa kawai take ji. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, in gani mana, hoton aljanin."

Na ba ta duka biyun, baƙin da farin. Ta daɗe tana dubawa.

"Shi akwatin, ka ce inuwa yake so?"

"Haka mai shi ya ce."

"To ai kai ka kore ta. Ka goge bango sumul kamar bayan ƙwarya, ina inuwa za ta zauna? Shiga ɗakina ka dubi bango."

Na shiga. Ɗakin da nake shiga kullum ne, amma ban taɓa kallon bangonsa da idon magini ba, don shafen cikin ɗaki aikin mata ne, mu ba ma sa shi a lissafin gini. Da tafin hannu suke yi. Su ɗebo farar ƙasa su zagayo da ita kamar jinjirin wata, ɗaya a kan ɗaya, sawun yatsu yana fitowa. Hasken ƙofa yana bugunsa ta gefe, kowane sawu da 'yar inuwarsa a kwance kusa da shi.

Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta sa na kwantar mata da ganyayen a ƙasa. Ta zuba farar ƙasa a kasko, ta barbaɗa ragowar katsin da na bari har farin ya mutu ya koma kamar tokar murhu, ta tsiyaya ruwan dafara. Ta durƙusa ta fara ja, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Zayyanata ba ta taɓa ba, sai dai ta bi gefenta da ɗan makuba don ta fito. Ƙaramin yatsanta na dama a karkace yake, tun tana yarinya taɓarya ta faɗa masa. Saboda haka kowane jinjirin wata nata sawu uku ne a jere, na huɗun ya ɗan kauce gefe kamar ɗan akuyar da ya bar garke.

Na ce, "Wannan yatsan naki zai ɓata mini aiki."

Ta ce, "In ya ɓata, ka ce wa Bayaraben naka aljanin ne ya dawo."

Ranar kasuwa muka kafa shi kusa da tsamiya, muka karkata shi yadda rana za ta zo masa ta kafaɗa. Allah ya kawo dattijon nan na Rurum. Lasisi ya roƙe shi ya sake zama. Da hoton ya fito daga ruwan magani, Lasisi ya yi wata kabbara da sai da jakuna suka ɗaga kunne. Ga mutum sosai, har tsagar fuskarsa. Ga rawani. Ga bango a bayansa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, zayyana ta tashi, sawun yatsun nan sun kwanta a baya kamar ruwan tafki da iska ta shafa. Dattijon ya duba ya ce, "Yauwa. Yanzu na zauna a gida." Kafin la'asar layi ya kai rumfar masu gishiri. Rana ta juya, muka kama bango muka juya shi, jama'a suka ɗauki sowa. Ban taɓa jin daɗin sana'a kamar ran nan ba.

Na roƙi Lasisi ya ɗauki bangon shi kaɗai in kai wa mai shafen ta gani. Ya ƙi. Ya ce, "Gilashi na mutum ne, Magini. Ba a ɗaukar bango ba kowa a gabansa." Sai aron hoton maɗinkin nan na yi, wanda ya dawo ya sake zama, na kai mata. Ta rufe maɗinkin da babban yatsa ta dubi aikinta.

Baffa ya zo da yamma bayan taro ya ragu, kamar wanda hanya ce ta biyo da shi. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya leƙa baya ya ga asabari, ya girgiza kai. Sannan ya shafa fuskar, ya tsaya.

"Wannan ba hannunka ba ne."

"Na iyali ne, Baffa."

Ya sake bin sawun da yatsa. "Har yanzu dai bai ɗauki azara ba," in ji shi. Ya gyara hularsa, ya zauna a kujerar, ya ce wa Lasisi, "To yi maza, kafin mutane su gan ni." Washegari ya aiko a kira ni aiki.

Tafiyarmu ta farko Kibiya ba zan manta da ita ba. Jaki ba ya iya ɗaukar ganyen, iska tana kama shi ta juya jakin. Sai muka haɗa ukun wuri ɗaya, muka naɗe da tabarma don kada shafen ya goge, muka ɗaure, 'yan dako huɗu suka saɓa a kafaɗa a kwance. Muka kama hanya da sassafe, ni da Lasisi muna biye, ba mai magana saboda sauri. Muna wuce gonakin farko sai na ga manoma suna ajiye fartanya. Wani ya taho da gudu yana salati, ya sa kafaɗa ya karɓi ɗan dako na gaba. Wani ya karɓi na baya. Kun san al'ada, in an ɗauko gawa kowa yana so ya taɓa makara ya sami lada. 'Yan dakonmu kuwa, ja'irai, da suka ga sauƙi ya zo sai suka yi gum, suka sunkuyar da kai. Kafin mu kai rabin hanya mutanen da ke bayanmu sun fi na ɗaurin aure. Wani tsoho ya matso kusa da ni yana haki.

"Allah ya jiƙan Musulmi. Yaro, ina za a kai shi ne? Na ga mun wuce maƙabarta."

Na ce, "Kasuwar Kibiya, Baba."

"Kasuwa?"

Lasisi ya kasa riƙewa, ya zauna a kan kunyar gona yana riƙe da ciki. Aka sauke, aka kwance tabarma. Na ɗauka duka za mu sha. Sai tsohon ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce tunda ya ɗauka rabin hanya sai ya ga ƙarshen wannan mamaci. Suka raka mu har Kibiya, su ne ma suka fara zama a gabansa. Daga ran nan a tsaye muke ɗaukarsa, wani yana gaba yana faɗin, "Bango ne, jama'a, bango ne!" Da na ba Iya labari sai da ta zubar da garin da take tankaɗewa.

Daga baya na yi wasu biyu. Ɗaya mai taga da alkukin ajiye fitila, malamai suna sonsa, su zauna da carbi da littafi. Ɗaya fili ba zayyana, na masu sana'a. Mai keke ya shigo da kekensa, wanzami da zabirarsa. Wani Bafulatani daga wajen Tarai ya rantse sai da bijiminsa, kuma sai a gaban mai ƙofar. Bijimin ya ga ƙofa ya nufe ta zai shiga, da ƙyar muka ceci ganyen tsakiya. 'Yan gida ɗaya suka zo daga Fassi gayya guda, muka buɗe bango biyu muka haɗa bakinsu ya zama dogon gida. Abin da labule ba zai taɓa yi ba ke nan. Ka sauya ganye ka sami sabon gida. Ka karkata gefe ɗaya ka sami lungu mai inuwa. In ya goge ka sake shafe. Na sha ganin baƙo ya zo gaban ƙofar nan ta ƙarya ya tuɓe takalmi ya yi sallama. Kowane bango kuwa, shafen ƙarshe nata ne. Na taɓa gwada kwaikwayonta, Lasisi ya ɗaga gilashin ya duba ya ce, "Magini, mayar wa uwargida."

Ita kuwa ba ta taɓa zama a gaban akwatin ba. Matan aure ba sa zuwa kasuwa. Ko da zamani ya sauya daga baya, in na ce ta zo a ɗauke ta, cewa take, "Ni da nake bayan kowa a Rano? Duk gidan da ka shiga ina rataye. Ya isa."

Sai shekarar fara. Ta sauka gero yana fitar da kai, ta bar mana kara. Wanda yake neman abin sawa a tukunya ba ya neman hoto. Lasisi ya ɗaure akwatinsa ya koma kudu, ni na bi Baffa cin rani Kano. Kafin in tafi na jingine bango biyu a tsohon ɗakin baya, a ƙasa, na ja ƙofa. Na farkon nan mai ƙofa, Iya ta ce a kai mata ɗakinta ta tare iska da shi. Da na dawo gab da damina na buɗe ɗakin baya, na ga bangon nan biyu tsaye lafiya, ko tsaga babu. Na kama ɗaya zan ɗaga, hannuna ya shige ciki. Gara ta cinye gwangwala da asabari tas, ta bar mini fatar laso a tsaye kamar ɓawon ƙwai. A gabana suka ruguje.

Na shiga ɗakinta ba na ko son tambaya. Ga bangon nan lafiya lau. Ta ɗora shi a kan duwatsu, ta zagaye su da toka, duk ranar da ta share ɗaki sai ta kaɗe bayansa. A shekarar nan tasoshin jerenta ɗaya bayan ɗaya suka tafi kasuwa don a ci abinci, bangon ɗakin ya zama fili, amma gara ba ta taɓa wannan ba. Ban tambaye ta dalili ba. Cewa kawai ta yi, "Bayarabenka zai dawo." Ya kuwa dawo da kaka ta yi kyau, da wannan bango ɗaya muka sake tashi. Tun daga nan ban ƙara ajiye bango a ƙasa ba, gwangwala kuma sai ta jiƙu a ruwan ɓawon maɗaci kafin in ɗaure. Duwatsun da ke ƙarƙashinsa yanzu su ne nata.

Lasisi ya tsufa ya koma garinsu. Waɗanda ya koya wa suka ci gaba, na yi musu banguna har ƙarfina ya ƙare. Duk sun tafi, wannan ne ya rage, shafen da ke kansa kuma shi ne na ƙarshe da ta yi kafin hannunta ya fara rawa. Iya ta rasu bayan babbar sallar da ta wuce. Da aka ɗauko ta, mutane suka yi ta karɓar makara a hanya, kowa yana sa kafaɗa. Wannan karon ba wanda ya tambayi inda za a kai. Da aka share makoki na bincika gidan nan kaf. Babu hotonta ko ɗaya.

A nan na tsaya da magana. Abokan Nasiru suna kallon ƙasa. Shi kuwa ya tashi ya je gaban bangon, ya sa yatsunsa a cikin sawun. Uku suka zauna daidai, na huɗun bai sami wuri ba.

"Ashe aikin matata ne kake ta cin suna da shi," in ji shi. "Tsoho, me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Ka tambaya? Ai da guduma ka yi sallama."

"To yanzu yaya za a yi? Zauren ƙarami ne."

"Naɗe shi ake yi, ba ka ji ba? Kama can."

Muka fito da shi ƙofar gida, a tsaye. Kirin ya bushe, sai da muka shafa masa man shanu kafin ya yarda ya buɗe. Na sa suka karkata shi kaɗan, suka ƙara kaɗan, har rana ta zo masa ta kafaɗa. Nan take sawun suka tashi, kowanne da inuwarsa. Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Kai!" Nasiru ya ruga ya ɗauko kyamararsa, ya ajiye kujera a tsakiya.

"Zauna in ɗauke ka."

Na ce ya ɗauke kujerar.

"To wa zai tsaya?"

"Babu kowa. Ɗauki haka."

Ya dube ni. Sannan ya ɗauke kujerar, ya durƙusa, ya jira wani ɗan gajimare ya wuce, ya ɗauka.

Bangon yana cikin shagon yanzu, a kan duwatsunsa. Labulen bene ma yana nan a ninke ga mai so, amma Nasiru ya ce masu zuwa sun fi cewa a buɗe musu na Iya. Gudumar ya mayar wa mai ita. Hoton kuwa yana ɗakina, a inda nake ganinsa daga shimfiɗa. Baƙi in sun shigo gaisuwa sukan ce, "Malam, wannan an manta ba a sa mutum ba." Nakan ce su matso kusa, su dubi yatsa na huɗu.